Famfon mai na lantarki a 504 ta mahaifina: abin da na yi, rana-rana

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Yau ma ta yi min abin nata. Wannan karon a Kawo, dab da gadar sama, ana tsakiyar cunkoso wajen ƙarfe biyu na rana. Inji ya fara shessheƙa, na taka totur, ta ɗan zabura, sai ɗif. 'Yan Keke Napep da ke bayana suka cika min kunne da hon, wani har da leƙowa ya ce, "Alhaji, a kai ta gidan tarihi mana!" Yara biyu masu tallar ruwan leda suka kama min muka tura ta gefe. Na ɗaga bonet, na sayi ruwa uku masu sanyi a hannunsu, na jiƙa tsumma na naɗe famfon mai da shi. Bayan kamar minti goma sha biyar na murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

Karo na huɗu ke nan tun shigowar shekara, kuma zafi bai ma kama sosai ba. Idan Maris da Afrilu suka zo ban san inda za mu kwana ba. Don haka na yanke shawara zan sa mata famfon mai na lantarki, kuma zan riƙa rubuta abin da na yi, saboda ina da mantuwa, kuma duk wanda na tambaya amsarsa daban.

Motar Peugeot 504 ce, salun, fara, haɗin masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna. Injinta XN1, mai 1971 cc, na kabireta. Marigayi mahaifina ya saye ta sabuwa dal a 1985, shekara biyu bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗin, alhali nan Kaduna an ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, a cikinta aka ɗauko min amarya. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kalle ta sai ni, 'yan'uwa suka ce na ɗauko wa kaina jidali. Uwargida kuwa kishiya take kiranta, wai ita ke cinye min Asabar da kuɗin cefane.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: ba zan huda jikinta ba, ba zan yanke wayarta ta asali ba. Duk abin da zan ƙara, ya zama ranar da na samu famfo na ainihi mai kyau zan iya kwance shi a wuni ɗaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai ta wurin Baba bakanike a Kakuri. Shi ke duba ta tun mahaifina yana raye, kuma da ƙuruciyarsa ya yi aiki a masana'antar, wadda ta fara haɗa motoci a 1975. Idan ya samu mai saurare sai ya ba da labarin yadda ake ɗauko kayan haɗi ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, a loda su a manyan motoci a kawo Kaduna. Na ji labarin ya fi sau ashirin, na kuma sake saurare, don ba a katse Baba.

Bai taɓa famfon ba tukuna. Ma'aunin baƙin mai ya zaro ya kai hanci, sannan ya miƙo min. "Ɗan Alhaji, sansana." Warin fetur ne ƙarara, kuma man ya haura layin sama, ya tsinke kamar shayi. Fatar da ke cikin famfo ta tsage, fetur yana zurara cikin inji. Famfo na uku ke nan da na saya cikin shekara biyu, duk sababbi a kwali, duk fatarsu ba ta kai ko'ina ba.

Ashe matsala biyu ce ta haɗu. Ta ɗaya ita ce fatar. Ta biyu ita ce wadda tsumma mai sanyi ke magancewa. Famfon asali manne yake a jikin inji, kamshaf ke tura wani ɗan sandan ƙarfe, sandan ya motsa fata, fata ta zuƙo mai tun daga tanki can baya. To fetur gauraye ne, akwai ɓangarensa da ke fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba, kuma zuƙa tana rage matsin da ke kansa, sai ya ƙara saurin zama tururi. A cunkoso inji yana silo, famfo yana motsi a hankali, iska ba ta ratsa ƙarƙashin bonet, mai ya daɗe cikin bututu yana gasuwa. Da tururi ya cika famfon, shi ke nan, fata tana ta aiki amma babu abin da ke isa kabireta. Na lantarki kuwa a baya ake ɗaure shi, inda babu zafi, ya riƙa turo mai gaba. Man da ake turowa yana cikin matsi, ba ya saurin tafasa.

Baba bai so ba. "Motar nan ta je Maiduguri ta dawo da irin famfon nan, tsakiyar bazara. Da lantarki ya dace da ita, da Bature ya sa." Na ce masa ai Baturen ya sa, 504 mai injekshin ta Kugelfischer da famfon lantarki ta zo. Ya ce, "Wannan ta ƙasarsu ce, ba tamu ba." Amma da na ce to ya samo min famfo irin na da, wanda zai yi shekara goma, sai ya yi shiru yana goge hannu. Daga ƙarshe ya ce in kawo kayan, zai ba ni raminsa, amma kada in ce shi ya ba ni shawara.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wuni guda a kasuwar kayan mota. Shago na farko, da na ce famfon mai na lantarki, yaron ya ɗauko min wani siriri mai kamar batirin tocila, na cikin tankin wata motar Japan. "Oga, wannan ya fi ƙarfi, na Beljiyam ne, ko tirela zai tayar." Ƙarfin nan nasa shi ne abin da nake gudu. Famfon motar injekshin yana aiki ne da matsin da ya kai wajen bar 3, sama da psi 40 ke nan (bar da psi ma'aunan matsi ne), in kuma aka toshe masa hanya ya wuce haka. Kabireta abin da take so bai wuce psi 2.5 zuwa 4 ba. Cikinta akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, da fulot da ke tasowa idan kwanon ya cika, ya danna wata 'yar allura ta rufe ƙofa, kamar dai tankin ruwan masai. Ƙarfin ɗan fulot ɗin nan kawai ke tare mai. Ka turo masa psi 40, ai ka aika ɗan akuya ya tare ƙofar shanu. Mai zai yi ambaliya ya zubo kan inji mai zafi. Na san mota biyu a unguwarmu da suka ƙone ƙurmus, kuma duk biyun sai da aka "gyara" musu famfo.

Shago na biyar na samu abin da nake nema, ɗan murabba'i kamar ƙaramin sabulu, volt 12, an buga psi 2.5 zuwa 4 a jikinsa, da kibiya mai nuna inda mai ke fita. Ban yarda da rubutu ba, don haka na sayi ƙaramin gejin matsi. Na haɗa da filta biyu masu garau, tiyon fetur mai milimita 8 na gaske, ba na ruwan lambu ba, kilif takwas masu ɗauri da sukundireba, rile biyu, gidan fiyus, maɓalli ɗaya da waya mita shida. Jimillar kuɗin tsakanina da Allah, ban kai gida ba.

Da yamma na gwada shi a tsakar gida da kalanzir, don ya fi fetur haƙuri. Daga bokiti zuwa gorar ruwa ya cika rabin lita cikin daƙiƙa 30, wato lita 60 a awa. Ko an take motar har ƙasa ba za ta sha rabin haka ba. Kukansa tak-tak-tak da sauri idan babu komai cikinsa, da ya cika sai ya lafa ya koma a hankali. Na riƙe wannan a kaina.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama, aiki sai da safe. Baba ya ce ba zai bari a sa sabon famfo a tsohon tanki ba tare da an leƙa cikinsa ba, kuma ya yi gaskiya. Muka zuƙe man cikin jarka, muka sauke tankin, mai cin lita 56. Da muka kifa shi kan farin buhu, abin da ya fito ya kai cikin gwangwanin madara biyu: jan garin tsatsa, yashi, da wani baƙin danƙo. Shekara arba'in na man gidan mai da na 'yan bumburutu duk sun bar sa hannu.

Babban ɗana ya zo taya ni. Muka zuba noti da washa cikin hannu biyu, da kalanzir, muka kama tankin gefe da gefe muna girgizawa kamar masu kaɗa nono. Sau biyar muna zubarwa kafin ya fito da haske. "Abba, da azumi fa," in ji shi. Na ce ladan ya fi yawa.

Akwai wani ɗan wuri da ke jiƙewa a gindin bututun fita. Wani yaron gareji ya ce a kai wa mai walda. Baba ya daka masa tsawa. Tankin fetur da babu mai cikinsa ya fi mai cike haɗari, don tururin da ya rage ya gauraya da iska, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Da muka duba da kyau ma tsohon tiyo ne ya tsattsage, ba ƙarfen ba. Na kawo tankin gida na jingine shi a bangon lambu ya sha iska mako guda.

Lahadi, 9 ga Maris

Jiya na shiga Panteka da kwali biyu da na yanka da almakashi. Ɗaya siffar maƙalin da zai riƙe famfo, ɗaya kuma na zana shi daga gaskit ɗin tsohon famfo, murfin da zai rufe gurbinsa a jikin inji. Wani maƙeri ya dubi kwalayen sau ɗaya, ya ce in je in dawo. Kafin in gama zagaya layin masu injin niƙa ya yanke su daga faranti mai kaurin milimita 4, ya huda, ya goge baki. Ramukan suka zauna daram. Duk wanda ke cewa ba mu da masu fasaha bai taɓa yini a Panteka ba.

Yau muka mayar da tanki muka ɗaura famfo. Nan ne aka fi ɓata lokaci, ni da Baba cikin rami da fitilar waya. Famfon lantarki gwanin turawa ne, rago ne wajen zuƙa, don haka ana so ya zauna kusa da tanki, kuma ƙasa-ƙasa yadda mai zai gangaro masa da kansa. Amma kada ya yi ƙasan da dutse ko tudun rage gudu zai taɓa shi, kada ya kusanci salansa, kada kuma ya shiga hanyar da taya da sifirin ke motsi. Muka samu noti biyu na asali a shasi da suka dace, muka ɗaura maƙalin a kansu, ba mu huda komai ba. Tsakanin famfo da maƙali na sa robobi biyu don kada ƙararsa ta bi ƙarfe ta shigo ciki. Bakin fita ya ɗan kalli sama yadda iska ba za ta maƙale ba. Filta a tsakanin tanki da famfo, don ragowar tsatsa ta tsaya nan.

Wani direba da ke jiran gyara ya ce me ya sa ba za a bar tsohon famfon a wurinsa ba, sabon ya riƙa turo masa. Wasu na yin haka. Amma da fatar da ta tsage, na lantarkin zai yi ta ɗura fetur cikin baƙin mai har ya cika inji, kai ba ka sani ba. Muka cire shi, muka zare ɗan sandan, muka sa murfi da sabon gaskit. Aka juye baƙin mai aka canza filtarsa. Famfon da sandan na naɗe a tsumma na ajiye.

Lahadi, 16 ga Maris

Ranar waya, ranar gardama. Mai wayarin da Baba ya kira yaro ne mai hannu, amma minti biyu bai yi ba ya ce an gama magana: a ja waya ɗaya daga kwayil zuwa famfo, ka murza makulli ya tashi, ka kashe ya mutu. "Haka muke yi wa kowa, Yallaɓai."

Na ce masa to a ce an yi haɗari, Allah Ya kiyaye. Inji ya mutu, tiyo ya tsinke, direba ya suma, makulli yana kunne. Me famfon zai yi? Ya ce zai ci gaba da aiki. Na ce lita ɗaya kowane minti, a kan titi, kusa da salansa mai zafi, har sai tanki ya ƙare ko wuta ta kama. Tsohon famfo duk lalacewarsa yana da wannan kirki, inji na tsayawa shi ma ya tsaya. Wannan halin ne nake so sabon ya gada. Ya ce, "Ai komai nufin Allah ne." Na ce haka ne, amma ko raƙumi an ce a ɗaure sannan a yi tawakkali. Baba ya yi dariya daga cikin rami, karo na farko da ya goyi bayana tun fara aikin.

Ga yadda muka haɗa, don wanda zai buɗe bayana. Rile ɗan makunni ne da wuta kaɗan ke jansa ya saki wuta mai yawa, kuma ƙafafunsa suna da lamba. Rile na farko: ƙafa 30 daga batir ta cikin fiyus mai amfiya 5, dab da batirin, ƙafa 86 daga makulli, 85 zuwa jikin mota, 87 ita ce fita. Wannan ya sa makullin da ya shekara arba'in ba ya ɗaukar nauyin komai. Rile na biyu mai ƙafa biyar ne. Ƙafarsa 30 tana karɓa daga 87 ta na farko, 86 daga makulli, 85 kuma zuwa suwic ɗin baƙin mai, wannan da ke kunna jar fitila a dashbod. Suwic ɗin yana haɗa waya da jikin inji ne idan babu matsin mai, ya saki idan matsi ya zo. Famfo muka ɗaura a ƙafa 87a, wadda ke da wuta muddin rile bai ja ba. Ma'ana dai a taƙaice: in jar fitilar baƙin mai tana kunne, famfo a kashe yake. Fitila na mutuwa, famfo ya tashi.

Sai yaron ya yi tambaya mai kyau: to da me za ta tashi tun farko? Da man da ke kwanon kabireta, kuma kik na juya inji matsin baƙin mai ke hawa. Idan kuwa ta kwana biyu a ajiye kwanon ya bushe, shi ne amfanin maɓallin da na saya. Yana ɗauko wuta daga 87 ta rile na farko kai tsaye zuwa famfo, muddin yatsa na kai. Muka maƙala shi ƙarƙashin dashbod a wani rami da ya riga ya kasance.

Haɗin yana da rauni ɗaya da na sani. Idan wayar suwic ta zare, famfo zai koma aiki duk lokacin da makulli ke kunne. Amma zan gane, don jar fitilar ba za ta kama ba idan na murza makulli. Ga kuma ƙarin alheri: ranar da matsin baƙin mai ya faɗi ana tafiya, famfo zai tsaya, mota ta mutu da kanta bayan kwano ya ƙare.

Wayar muka bi da ita ta ƙarƙashin kafet tare da ta fitilun baya, cikin tiyon kariya. Muka tashi dab da shan ruwa, ba mu kunna ba.

Asabar, 22 ga Maris

Muka turo ta fili, na ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi kusa. Na sa geji dab da kabireta. Na murza makulli, jar fitila ta kama, famfo shiru, daidai. Na danna maɓalli: tak-tak-tak da sauri, na ga mai ya hau cikin filta, sannan kukan ya lafa. Geji ya tsaya a psi 3.5. Kik ɗaya ta tashi.

Murnar ba ta yi minti uku ba. Inji ya fara gurnani, baƙin hayaƙi ta salansa, sai warin fetur. Na leƙa, mai yana tsattsafowa ta maƙogwaron kabireta. Na kashe. Baba bai ce komai ba, amma fuskarsa ta ce "na faɗa maka".

Muka buɗe saman kabireta. Allurar ta ci, har da zobe a bakinta da farce ke kamawa. Tsohon famfon da ya gaji bai taɓa turo mata ƙarfin da zai tona asirinta ba. Baba ya shiga ɗakinsa na baya, ya yi ta kwaramniya cikin gwangwanaye, ya fito da allura da mazauninta cikin 'yar takarda mai maiƙo da ta yi launin ƙasa. Ya girgiza fulot kusa da kunne ya ji ko ya sha mai, bai sha ba. Ya daidaita tsayinsa da ido da ɗan guntun ƙarfe da ya ce ma'auninsa ne tun zamanin Shagari. Aka rufe. Ta tashi lafiya, silo ya zauna kamar agogo, ko ɗigo babu.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda na fi damuwa da shi. Inji na aiki, makulli a kunne, na zare wayar kwayil. Inji ya mutu, na ƙirga ɗaya, biyu, uku, jar fitila ta kama, famfo ya yi tsit. Mai wayarin ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ɗauki hoton rile ɗin da wayarsa.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Da ita muka je idi, mu shida. Ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Tafiyar gajera ce da safe, don haka ban ɗauke ta a matsayin shaida ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Gwajin hanya, Kaduna zuwa Zariya, kusan kilomita 80, ni da babban ɗana. Har muka wuce Maraban Jos tana tafiya sumul, ina ta yi masa bayanin yadda irin motar nan ta ci tseren Safari a Kenya a 1975. Mun ɗan gota Jaji sai na ji ta fara ja baya. In taka, ta ƙi. In sassauta, ta ɗan farfaɗo. Na gangara gefe, ta mutu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata biyu, ga kuɗi, ga baki da na yi. Na taɓa kabireta da bututu, babu zafin da ya wuce kima. Na danna maɓalli, sai famfo ya kama tak-tak-tak da sauri bai lafa ba, kukan da ya yi ranar bokiti lokacin da babu komai cikinsa. Yunwa yake ji ke nan. Na kwanta ƙasa na leƙa filta, kusan babu mai ciki, kuma ba ta yi dattin da zai toshe ta ba. Tanki kuwa ya fi rabi.

Na kira Baba. Ya saurara, ya ce, "Buɗe murfin tanki, ka sa wayar kusa." Ina murɗa murfin sai fuuu, iska ta ruga ciki, tankin ya yi ƙara ɓam kamar an saki gwangwani. Baba ya ce, "Ba ta numfashi. Ina ka ajiye tankin nan da ka kai gida?" Na ce jikin bangon lambu. Ya ce, "Zanzaro."

Haka kuwa aka yi. Duk litar da ta fita daga tanki dole iska ta maye gurbinta, kuma akwai 'yar ƙaramar hanya da aka bar mata. Makon da tankin ya yi a lambu, zanzaro ya samu gida, ya cika bakin hanyar da laka. A cikin gari ba a shan man da za a ji, amma tafiyar kilomita arba'in ba tsayawa ta sa tankin ya zuƙe kansa har famfo ya kasa ja. Muka ƙarasa Zariya da murfi a sassauce, muka dawo haka. Washegari a rami Baba ya zura waya ya fito da busasshiyar laka da 'yar tsutsa a ciki, ya ɗora min a tafin hannu. Ɗana ya riga ya ba wa duk gida labari kafin in iso, har uwargida tana tambaya ko zanzaron ma zai shiga lissafin cefane.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, ana haura digiri 35 kullum. Da gangan na fita ƙarfe biyu na rana na nemi cunkoso: Ahmadu Bello Way, kasuwa, sannan Kawo, daidai inda ta kunyata ni. Minti ashirin da biyar muna jan ƙafa. Allurar zafi ta ɗan haura tsakiya, inji bai ko yi atishawa ba. Na kashe ta a gidan mai, na bar ta minti goma ta jiƙa da zafinta, wanda da shi ne lokacin da ta fi taurin kai. Sai da kik ya ɗan juya fiye da na safe, totur a ƙasa, amma ta tashi.

Da la'asar na ɗauki Hajiya zuwa gaisuwa a Tudun Wada. Ta zauna a baya, gefen da take zama tun da. Muna tsaye a danja ta ce, "Wai mene ne ke ƙwanƙwasa a ƙarƙashina? Motar Alhaji ba ta wannan kukan." Na yi mata bayani. Ta ce, "To, Allah Ya sa alheri," da irin muryar da ke nufin ba ta gamsu ba. Ni a gaba ba na jin komai. Sai na ƙara roba.

Asabar, 3 ga Mayu

An yi ruwa mai ƙarfi cikin makon nan, na bi ta wani layi a Rigasa da ya zama tafki. Da na leƙa, famfo da filta sun sha taɓo, kan wayar har ya fara kore. Na wanke, na shafa giris, na koma Panteka aka lanƙwasa min ɗan faranti da ya kare su daga feshin taya, shi ma a kan noti biyun nan. Na musanya robobin da masu kauri, na kuma gano tiyon fita yana taɓa shasi, ta nan ƙarar ke shiga. Na ɗaga shi. Na sa ɗana ya zauna wurin Hajiya, ya ce sai ya kasa kunne yake ji.

Na canza filta bayan kilomita 600, akwai jan gari kaɗan a gindinta, na sa ta biyun. Baƙin mai yana kan layi, ba warin fetur. Geji har yanzu psi 3.5, na cire shi na toshe wurin.

Abin da ya rage: tsohon bututun ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashi yana da tsatsa wuri biyu, yanzu kuma matsi ne cikinsa ba zuƙa ba, in ya huje fesowa zai yi. Shi ne aikin Asabar mai zuwa. A but na ajiye fiyus biyu, rile ɗaya, da tsohon famfo da sandansa cikin tsumma. Baba ya ce wani abokinsa a Kano yana da fatar famfo ta ainihi tun ta da, zai aiko bayan Babbar Sallah, in kawo masa tsohon ya gyara. Na ce to, na bar masa kuɗin mota.